Shekarar da Muka Ƙone Jemar Kaka

Jiya da azahar na shiga gidan maƙwabciyata yin barka, aka kawo mini ruwan randa a kofin silba. Ina kai shi baki na tsaya cak. Saiwar ciyawar nan jema aka jefa a cikin randar. In ba ka taɓa shan ruwan da jema ta kwana a ciki ba, ban san yadda zan kwatanta maka shi ba. Ƙamshi ne mai sanyi, kusa da na ƙasa idan ruwan fari ya sauka. Matan ɗakin suna ta hira, ana yaba jariri, ni kuwa tuni na bar su. Na koma wani ƙauye a bakin tafkin Kainji, a ƙasar Ngaski, zamanin muna cikin jihar Sakkwato, ina 'yar shekara tara ko goma.

Mu mutanen ruwa ne. Iyayena a gungu aka haife su, wato tsibiri a tsakiyar kogin Kwara. Da aka datse kogin, ruwa ya hau ya shanye gungun, aka kwashe mutanenmu zuwa tudu, aka gina musu ɗakunan siminti a jere. Ni a tudun aka haife ni. Ban taɓa ganin gungun ba sai a bakin Kaka, uwar mahaifina, wadda in ta fara labarinsa sai ka rantse kifin can ba shi da ƙaya.

Kaka mace ce mai taurin kai, kuma duk wanda ya san ni ya san inda na gado nawa. Ɗakin simintin da aka ba ta, kwana uku ta yi a ciki ta ce ita ba kifin banda ba ce da za a gasa ta da ranta. Ta sa aka gina mata ɗakin ƙasa mai jinka a ƙarshen gidanmu, ƙofarsa na kallon tafki. Gidanmu shi ne ƙarshen gari, saboda haka bayan ɗakin Kaka babu komai sai daji. A wannan ɗakin aka kai ni yaye, kuma ban dawo ba. Tabarmarmu ɗaya, kwanonmu ɗaya. Ni ke zura mata zare a allura, ita ke tsefe mini kai tana zagin mahaifiyata a kan ba ta iya kitso ba.

A bayan ɗakin nan jemar take. Ciyawa ce doguwa ta bakin ruwa, ana saƙa da ganyenta, ana sa saiwarta a randa. Amma ta Kaka ba ta saƙa ba ce. Ranar da za a bar gungu, mutane na ɗaukar turmi da tukwane, ita ta je kwata, daidai inda marigayi kakana yake ɗaure jirginsa, ta haƙo dunƙule ɗaya ta sa a fasasshiyar tukunya, ta rungume ta har tudu. Kakana ya rasu tun kafin tashin, kabarinsa yana can ƙarƙashin tafki. Ta dasa jemar inda ruwan wankanta da na alwalarta ke gangarawa. Cikin shekara goma ta yaɗu ta zama kurmi, ta fi namiji tsawo, har tana goga jinkar ɗaki. Da la'asar Kaka takan zauna a gindinta ta juya fuska wajen ruwa, ba ta magana. Na koyi yin shiru a wannan lokacin tun ban san dalili ba.

Akwai abin da mutanenmu ba su sani ba, kuma ba laifinsu ba ne. Sun san wutar murhu, sun san wutar banda, amma ba su san wutar daji ba. A gungu kogi ne katanga, ta kowane gefe. Wuta ba ta iya iyo. Saboda haka da suka hau tudu sai suka ci gaba da zama irin na da. Itacen banda a jibge a bakin daji, shuci na jinka a jingine da danga, rumbuna a cikin ciyawa har wuya. Kambari, mutanen da muka tarar a tudun, sukan wuce su girgiza kai, sun faɗa har sun gaji. Mu kuwa muna ganin ga tafki nan shimfiɗe a gabanmu, wace wuta ce za ta yi mana rashin kunya?

Sai wani rani wuta ta taso daga daji da rana tsaka ta faɗa wa wani ƙauye irin namu, can gaba da mu a bakin ruwa. Maza duk suna kan tafki wajen kamun kifi. Daga cikin jirage suka hango hayaƙi, kafin su tuƙo su iso rumbuna sun zama toka. Ba a rasa rai ba, amma an rasa abincin shekara, kuma tafkin da suke taƙama da shi yana nan kwance yana kallonsu. Daga nan dattawanmu suka tuna da maganar nan, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mai ruwan kuwa a gidanmu yake. Baffana, ƙanen mahaifina kuma autan Kaka, ɗan kwana-kwana ne a Yawuri. Da damina ta ɗauke aka gama yankan shinkafa, ofishinsu ya rarraba su ƙauyuka, shi aka turo shi namu. Mu yara mun sa rai za mu ga jar mota mai ƙararrawa. Sai ga Baffa a kan keke, da kaki da manyan takalma, ya ɗaure adda da igiya a baya. Na ji haushi ƙwarai, har na ƙi karɓar alewar da ya miƙo mini, daga baya na koma na karɓa.

A ƙofar mai gari ya yi wa maza bayani, mu muna leƙe ta danga.

Ya ce, "Mota guda ag gare mu, ita ma ta cikin gari. Kahin saƙo shi kai Yawuri, kahin mu biyo wagga hanya taku, toka za mu iske. Aikinmu ba ranar gobara aka yin shi ba. Yanzu aka yin shi, tun ciyawa na da sauran ɗanye. Ba a fafa gora ranar tahiya."

Abin da ya zo da shi suna kiransa hanyar wuta. Za a share layi biyu da fartanya har sai an ga jar ƙasa, su kewaye gari daga bakin ruwa zuwa bakin ruwa, a bar tazara mai faɗi a tsakaninsu. Sa'an nan a ƙone ciyawar da ke tsakanin da gangan, kaɗan-kaɗan, da sassafe lokacin da raɓa ba ta bushe ba kuma iska ba ta tashi ba. In wutar daji ta zo daga baya, sai ta tarar an riga an cinye abincinta. Kwana biyu Baffa yana bin gidaje. Ya sa aka janye itace daga danga, aka share gindin rumbuna, aka matsar da murhun banda daga jikin zana. Ya je rugar Fulani ya zauna da Arɗo suka yi magana a kan ranar da za su ƙona wa shanu daji, ya tara samari masu farautar gafiya ya ja musu kunne. Duk inda ya tsaya sai ya ɗebi toka ya sake ta daga yatsunsa, ya kalli inda ta nufa. Mun daɗe muna kwaikwayonsa da garin tuwo, har mahaifiyata ta kama mu.

Rana ta uku ya zo da igiyar awo bayan ɗakin Kaka, ya tsaya a gaban jemar ya daɗe. Kaka tana zaune tana gyaran kifi, ni ina kusa da ita. Ba ta ɗaga kai ba.

Ta ce, "Auta, mi kaka nema bayan ɗakina?"

Ya tsuguna ya cire hula. "Inna, hanyar wuta ta biyo ta nan."

"To ta kewaya."

"Ko ta kewaya, Inna, tartsatsi ba shi kewayawa. Jemag ga ta taɓa jinka."

"Ku yanke ta. Aski na, ta saba."

Baffa ya cusa hannu a gindin jemar ya jawo busasshen ganye cike da tafinsa. Ya nuna mata yadda na shekara goma ya kwanta ya dunƙule a ƙarƙashi, ya ce ko an yanke sama, in ba a ƙone kututturen ba, ta nan wuta za ta rarrafo ta iske ta har kan gado. Ƙasar kuma ta yi tauri, saiwar ta yi nisa, babu mai iya haƙe ta a dasa a wani wuri da rani ta rayu.

Kaka ta ajiye wuƙa. Ban taɓa jin muryarta ta yi ƙasa haka ba.

"Ruwa ya ci gidana, ya ci kabarin ubanka, ban ce komi ba don ba a tambaye ni ba. Wagga ɗai ta rage mani. Kai kuma da na haihwa, kai za ka ba wuta ita?"

Baffa ya miƙe. Ya naɗe igiyarsa ya tafi.

Ranar gayya gari ya fito kaf. Maza da fartanya da lauje, mata muna jigilar ruwa daga tafki muna cika tuluna da garewani a jere, samari riƙe da ɗanyen reshen darbejiya na dukan wuta. Aka fara daga bakin ruwa ta kudu. Har yau ina jin ƙarar ciyawar nan tana fashewa, da shirwa da ke shawagi a kan hayaƙi suna cafke fara, da warin ɗanyen ganye idan ya sha wuta. Kwana biyu ana yi, baƙin layi ya kewaye gari kamar an sa masa kwalli. Amma da aka iso bayan gidanmu sai aka tarar da Kaka ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar jemarta, da carbi a hannu. Mai gari ya zo ya yi magana, liman ya zo ya yi, mahaifina ya roƙa. Ta gaishe su da kyau, ta tambayi iyalansu ɗaya bayan ɗaya, ba ta motsa ba. Aka tsallake ta aka ci gaba. Hanyar wuta ta kewaye gari duka, ban da taki ashirin a bayan ɗakin da nake kwana.

Da la'asar ɗin ranar Baffa ya dawo, fuskarsa baƙa ƙirin da toka. Ya sake tsugunawa a gabanta.

Ya ce, "Inna, jema taki ta, ɗaki naki na, ba ni gardama da ke. Amma ɗiyag ga ba ta ƙara kwana nan sai an ruhe hanya."

Ya shiga da kansa ya ɗauko zanena da ɗan akwatina ya kai ɗakin mahaifiyata. Na yi kuka, na yi birgima, na ce masa mugu, na ce Allah ya sa kekensa ya yi faci. Kaka ba ta hana shi ba. Ta dai bi akwatin da ido har ya shige.

Kwana biyu na yi a ɗakin siminti, na gane gaskiyar Kaka game da zafinsa. Baffa bai koma Yawuri ba. Ya jera tuluna shida a bakin giɓin nan, ya wuni zaune a inuwar danga da reshe a hannu, yana gadin uwarsa, ita kuma ba ta ko kallonsa. Abinci in an kai mata sai ya dawo rabi.

Rana ta uku da hantsi na saci jiki na je wurinta. Na tarar ta raba kunu kofi biyu bisa sabo, ɗayan ya huce. Tana riƙe da allura da zare, tana ta cakar iska. Na karɓa na zura mata. Can nesa ta gabas, bayan gonaki, wani hayaƙi ya miƙe sama, fari daga ƙasa, baƙi daga sama. Mai yiwuwa wani ne ke ƙona gonarsa. Mu biyu muka zuba masa ido.

Ta ce, "Ke, in an bar ki, kina dawowa ki kwana nan?"

Na so in ce e. Wallahi na so. Amma na ga hayaƙin, na tuna labarin rumbunan can, kuma Kaka ba ta taɓa yarda in yi mata ƙarya ba.

Na ce, "Kaka, ina jin tsoro."

Ta daɗe tana kallona. Sa'an nan ta shanye kunun da ya huce, ta ce in je in ce wa Auta gobe da sassafe ya zo da mutanensa. Na tafi ina jin kamar ni na sayar da ita, kuma wannan nauyin ya daɗe a ƙirjina.

Da gari ya waye ta riga kowa fita. Ta tona gefen jemar da tsohuwar wuƙa ta ciro saiwa cike da hannu, ta ƙulle a bakin zane. Maza suka yanke ganyen suka janye, suka share ƙasa tsakanin kututturen da ɗaki, suka jiƙa jinka sharaf. Baffa ya saki toka daga yatsunsa, ta sauka a kan takalminsa, babu iska. Ya ɗauko bakin wuta daga murhu, sai Kaka ta miƙa hannu.

"Kawo. Ni na kawo ta, ni ka sallamarta."

Ta yi bisimilla ta cusa. Wutar ta yi jim kamar ba za ta kama ba, sai ta tashi gaba ɗaya da wani irin huci, har samari suka ja da baya. A nan kowa ya ga abin da Baffa yake faɗa, don da rana tsaka ce da iska, da babu abin da zai hana ta kama jinka. Ƙamshin jema ya cika unguwar, mai daɗi, abin haushi. Kaka ta tsaya har wutar ta mutu, ba ta yi kuka ba. Baffa ne ya juya baya yana share ido da hula, yana cewa hayaƙi ne. A ranar aka mayar da akwatina.

Wutar da ake tsoro ta zo kuwa, bayan wata biyu, da azahar, maza suna kan ruwa. Ta taho da gudu har bakin baƙin layin nan, ta yi ta lasar gefensa, ta rasa abin ci, ta kwanta. Mata da tsofaffi ne suka kashe 'yan tartsatsin da suka tsallako. Gari ya daɗe yana sa wa Baffa albarka. Amma ba wannan ranar ce ta fi zauna mini ba, wata ce kafin ita.

Bayan ƙonawar Kaka ta daina zaman la'asar a bayan ɗaki. Saiwar da ta ciro takan gutsuri kaɗan ta jefa a randa, ta ƙulle sauran, tana cewa in ta ƙare shi ke nan. Ni ce dai nake zubar da ruwan alwalarta a inda aka saba. Wata safiya, kamar mako biyu da ƙonawar, na je zubarwa sai na ga wasu 'yan tsinke kore shar sun huda baƙin kututturen, ba ɗaya ba, ba goma ba. Na saki buta na ruga ina ihu. Kaka ta fito tana faɗa, ta ce wata ciyawar banza ce. Ta durƙusa da ƙyar, ta tsinki ɗaya ta murza, ta duba, ta sake dubawa.

Daidai nan Bafillatanar da ke kawo mana nono ta shigo da ƙwarya a ka. Da ta ji abin da ya faru sai ta sauke ƙwaryar don kada dariya ta zubar mata da ita.

Ta ce, "Kai, mutanen ruwa! Wannan kunka yi wa zaman makoki? Ai jema ba ta mutuwa da wuta, Inna, ranta na ƙasa. Mu da gangan muka sa mata, don shanu su samu sabon toho."

Duk garin babu wanda ya sani. Ko Baffa, da duk horon da aka ba shi, bai sani ba, shi ma ɗan gungu ne. A can jema ƙafarta a ruwa take, ba wanda ya taɓa ganin ta ƙone balle ya ga abin da ke biyo baya.

Na ɗauka Kaka za ta yi dariya, ko ta yi guɗa. Sai ta zauna dirshan a cikin toka, da farin zanenta, ta dafa tohon nan da tafin hannu. Ta ɗaga kai ta dubi tafki, can tsakiya inda babu komai sai ruwa.

Ta ce, "Ashe wuta na maido abin da ta ci." Ta shafa tohon. "Ruwa na ba shi maidowa."

Sai ga hawayen da ba ta yi ba ranar tashi daga gungu, ba ta yi ba ranar ƙonawa. Bafillatanar ta daina dariya, ta tsuguna kusa da ita. Ni kuma na ɗauki butar na tsaya, ban san abin da zan yi ba.

Daga wannan shekarar, duk ƙarshen damina Kaka ce ke fara aika wa Baffa saƙo cewa ciyawa ta fara bushewa, me yake jira. Ita ke cinna wa jemarta wuta da hannunta, har shekarar da ta rasu.

Yanzu ba a kiran gayyar hanyar wuta a garinmu. Jinka ta ƙare, kwano ya maye, dajin ya ja baya ya zama gonaki, in abu ya faru waya ake bugawa a jira. Baffa ya yi ritaya ya bi uwarsa, Allah ya jiƙan su. Bara da na je gida na zagaya bayan inda ɗakin Kaka yake, na tarar an yi shago, an dafe wurin da siminti har bakin hanya. Abin da ya tsira daga ruwa, ya sha wuta shekara da shekaru yana tashi, ba wanda ya yi niyyar kashe shi, an dai buƙaci wurin ne. Mai shagon ya tambaye ni ko wani abu na yar. Na ce masa a'a, na sayi ashana don kada in tafi haka nan.

Ina kewar tsohuwar nan, ba kaɗan ba. Ina kewar gungun da ban taɓa gani ba, don a bakinta kaɗai yake, ta tafi da shi.

Maƙwabciyata ce ta taɓa ni jiya, ta ga na riƙe kofi ban sha ba, idona ya cika. Ta tambaya ko ruwan ne ba shi da kyau, a canza mini da na firji.

Na shanye shi tas, na miƙa mata kofin, na ce ta ƙaro mini daga randar.